Tufka da Warwara

Garwa, daren Litinin

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Ngawundare? Mu nan zafi ya fara leƙowa, Binuwai ya ja baya har yashi ya fito, masu lambu sun sauka bakin kogi. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Kowa lafiya, sai ƙafata da ka sani.

Tun da waya ta zo ban taɓa rubuta maka wasiƙa ba. Na zaɓi takarda yau don na san halinka a waya: "To Baba, to Baba," ka kashe, magana ta bi iska. Takarda tana da haƙuri. In ka ji haushi ka ninke ta ka sa a ƙarƙashin katifa, ran da zuciyarka ta sauka ka ɗauko.

Sati uku ke nan, daren Asabar wajen ƙarfe ɗaya, wayarka ta kira tawa. Ina jin a aljihu ta dannu. Na ɗauka gabana yana faɗuwa, don kiran wannan lokaci ba ya zuwa da alheri. Na yi ta sallama ba ka ji ba. Ni kuwa na ji kiɗa, na ji ƙarar kwalabe, na ji muryarka. Shekara 31 na yi a tsaye bakin tukuba a ƙofar bar a Yelwa. Na san muryar mutum bayan kwalba ɗaya, na san ta bayan huɗu. Ban koma barci ba har aka kira assalatu.

Da na tambaye ka washegari ba ka yi mini ƙarya ba, Allah ya yi maka albarka a kan wannan. Amma ka faɗi wata magana da ta tsaya mini a wuya. Ka ce, "Baba, Asabar da Lahadi ne kawai. Sauran kwanaki babu wanda ya kai ni kula da lafiya a gidanmu." Kuma ba ka yi ƙarya ba. Na ga yadda ka zo Babbar Sallah kana ture ƙoƙon kunun gyaɗa don innarka ta zuba sukari, kana tsame nama daga miya kana barin mai. Na ji kana hawan Dutsen Ngawundare da asuba sau uku a sati. Abincinka na rana ganye ne da wake da ɗan kifi. Har na yi alfahari da kai a majalisa, na ce ɗana ya fi mu wayo, ba zai bi sawunmu zuwa layin masu tansiyon, wato hawan jini, ba.

Hukuncin giya ba sai na karanta maka ba. Ayar da ke cikin Ma'ida ka wanke ta a allo tun kana sa wando ɗaya da ƙaninka. Ka san haram ce, na san ka sani, kuma wannan ya fi komai nauyi a zuciyata. Abu ɗaya kawai zan tuna maka daga wannan ɓangaren. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wani mutum da aka sha kawowa ana yi masa hukunci kan sha. Wata rana wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce kada ku la'ance shi, yana son Allah da Manzonsa. To ni wane ne da zan tsine wa ɗana? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙofar gidan nan a buɗe take gare ka ko da wane hali ka zo. Amma tun da ta ƙofar lafiya ka kare kanka, ta nan zan biyo ka.

Sai na fara da abin da ke kaina. Da kuɗin masu sha na biya maka makaranta, daga firamare har jami'a. Ban taɓa kai kwalba bakina ba, Allah shaida ne, amma na san dalilin da ya sa mai bar ya ba ni wuri a ƙofarsa bai taɓa karɓar ko dala ba. Ya san aikin gishiri da yaji. Mutum ya ci soya, wato tsire, tsinke biyar da yajin kankan mai zafi, maƙogwaro ya bushe, sai ya ƙara kwalba. Kwalba ta shiga, ta kwance masa linzami, wanda ya zo da niyyar cin na ɗari biyar sai ya ce a yanko na dubu biyu, a sa tozo, a sa ƙoda. Namana yana sayar da giyarsa, giyarsa tana sayar da namana. Cinikin da nake yi daga daren Juma'a zuwa daren Lahadi ya fi na sauran kwanakin sati a haɗe, in ƙarshen wata ne kuwa ba a magana. Na daɗe ina neman gafarar Allah kan wannan tsayuwa. Ban taɓa zaton wata rana wani mai tukuba a wani gari zai riƙa yanka wa ɗana nama da ƙarfe ɗaya na dare ba.

Mutanen da nake sayar wa ba 'yan tasha ba ne. Ma'aikata ne masu kwat da takalmi, malaman makaranta, 'yan banki, sojoji. Ranar Litinin in ka gan su a ofis sai ka rantse ba su san hanyar Yelwa ba. Kusan kowannensu maganarka yake faɗa, ƙarshen sati ne kawai. Akwai ɗaya da ba na mantawa, dogo, ƙaƙƙarfa, ba ya fashin ƙwallon safiyar Lahadi, wannan da kuke kira de-zero. A tashi daga fili da gumi, a wuce bar a yi abin da suke kira zagaye na uku, wanda ya fi wasan kansa tsawo. Shekara goma sha ina yanka masa nama. Sai na ga idonsa ya fara yin rawaya, hannuwa suna ramewa ciki yana tasowa. Danginsa suka ce sammu ne, aka yi ta yawo da shi gidajen masu magani. Bai kai shekara 50 ba. Ranar da aka kai shi, abokan ƙwallonsa suka dawo daga maƙabarta suka zauna a teburinsa suka sa aka kawo kasiye, wato akwatin kwalaben giya.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kakanka da kake ɗauke da sunansa a kwata ya tsufa. Ba na jin akwai likita a garin nan da ya riƙe hanta a hannunsa kamar yadda na riƙe. Lafiyayyar hanta santsi gare ta, ja mai duhu, wuƙa tana shiga kamar a cikin man shanu. Mai ciwo kuwa ta yi fari-fari, ta yi tauri, wuƙa tana ƙara in ta shiga, likitan dabbobi ya duba ya ce a zubar. Abin da nake so ka riƙe shi ne, bijimin da ke ɗauke da irin wannan hanta da ƙafarsa yake shigowa kwata. Yana cin ciyawa, gashinsa yana sheƙi, dillali yana yabonsa, an biya kuɗinsa cif. Sai an buɗe ake gani. Hanta ba ta kuka. Haka kuma na sha yanka ragon da ba shi da wata ƙiba a waje, a buɗe a tarar kitse ya lulluɓe ƙoda da hanji da zuciya. Don haka in ka tsaya gaban madubi ka ga cikinka a shafe, kada ka ɗauka madubi ya gaya maka duka labarin.

Na je wurin yayarka a asibitin da take aiki, na ce mata ina tambaya ne saboda wani tsohon mai sayen namana. Ban ambaci sunanka ba, kuma innarka ba ta san komai ba. Ta ɗauko biro ta yi mini lissafi, na sa ta maimaita har na riƙe.

Ta ce babbar kwalbar biya da ake sha a ƙasar nan santilita 65 ce, kuma kusan kashi 5 cikin ɗari na abin da ke ciki barasa ce tsantsa. In an auna, giram 25 zuwa 26 ke nan a kwalba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wanda ya sha giram 60 a zama ɗaya cikin masu sha mai haɗari, ko da sau ɗaya ya yi a wata. Kwalba uku ta riga ta wuce wannan iyaka. Kai ka ce mini huɗu, wani lokaci biyar, kuma kowane sati. Hanta kuwa ba ta da gaggawa, abin da take iya ƙonewa a awa ɗaya bai wuce giram 8 zuwa 10 ba. Kwalba ɗaya aikin awa uku ce. In ka fara da ƙarfe 8 na dare ka sha huɗu, har hantsin Lahadi hantarka ba ta gama ba. Lokacin da kake ɗaura takalmin ƙwallo da safe, da sauran barasa a jininka. Wanka da ruwan sanyi ba ya rage ta, baƙin kofi ba ya rage ta, farfesun kayan ciki da ake cewa yana kashe ta ma ba ya yin komai sai ƙara wa ciki aiki. Kafin ta huce kuma ka zauna zagaye na uku.

Na tambaye ta, to wanda ya tara shansa a kwana biyu da wanda ya rarraba a sati, wa ya fi? Ta ce dukansu suna cutuwa, amma tarawa tana da nata sharrin daban. Sai na tuna da madatsar ruwa ta Lagdo. Ruwan da madatsar ke saki kaɗan-kaɗan shi ke shayar da gonakin shinkafa. In aka sake shi da yawa lokaci ɗaya, kai ma ka ga abin da ya faru a 2012, har Najeriya sai da ta ji a jikinta. Misalin bai cika daidai ba, don ruwa yana da amfani in an auna, ita giya kuwa a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani ma'auni nata da za a kira lafiya, kuma tun 1988 aka sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, na maƙogwaro, na hanta. Amma ka gane nufina game da ambaliya. Jiki ba ya raba abin da ka zuba masa daren Asabar gida bakwai ya ce kowace rana ta ɗauki nata. A daren yake karɓarsa gaba ɗaya.

Akwai wani abu da yayarka ta faɗa da ya ba ni tsoro fiye da na hanta, don shi ba ya jiran tsufa. A 1978 wasu likitoci a Amurka suka lura ana kawo musu mutane masu lafiyayyar zuciya, bugunta ya rikice, kuma yawanci bayan ƙarshen sati ko bayan bukukuwa, bayan an sha da yawa. Har suna suka sa wa abin, ciwon zuciyar ranar hutu. Irin wannan rikicewa tana iya tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya shanye. Sha mai yawa yana ɗaga hawan jini, ga gishirin soya a kai. Kai kuma jinin masu tansiyon ne ta wajena, baffanka ma da shi ya rasu. In ka taɓa farkawa ranar Lahadi ko Litinin ka ji ƙirjinka yana dukan tara-tara ba dalili, kada ka ce gajiya ce.

Maganar ƙiba kuwa, wadda na san ita ta fi damunka tun da kake ƙirga abin da kuke kira kalori, lissafinta ko ɗan kasuwa ya gane shi. Giram ɗaya na barasa kalori 7 ne, kaɗan ya rage ya kamo kitse mai 9, ya kusa ninka sukari mai 4. Babbar kwalba ɗaya tana kusa da 280. Mutum mai nauyinka sai ya yi gudun kilomita huɗu kafin ya ƙone wannan. Huɗu sun haura 1,000, ba a sa nama ba, ba a sa soyayyar ayaba da mayonez ba, ba a sa gasasshen kifin tsakar dare ba. In ka hana kanka 300 kullum daga Litinin zuwa Juma'a, ka tara 1,500. Dare ɗaya ya cinye su, na Lahadi kuma bashi ne. Kuma muddin barasa tana jini, jiki ita yake fara ƙonewa, kitsen naman sai ya samu wuri ya kwanta. Wannan shi ake kira tufka da warwara. Kana saƙa igiya kwana biyar da hannunka, ka zauna kwana biyu kana kwance ta.

Kana cewa kwana biyu ne kawai. Ka ɗauki kalanda ka ƙirga Asabar da Lahadi na shekara, 104 ne. Kusan wata uku da rabi ke nan. Da wani ya ce maka zai yi wata uku da rabi a jere yana sha yana cika ciki, sauran watanni ya yi gudu, za ka kira shi mai kula da lafiya? Ban ma sa daren Juma'a ba, ban sa Litinin da kake tashi da nauyin kai ba. Yayarka ta ce barcin mai sha barcin ƙarya ne, yana ɗauke mutum da wuri amma ya hana shi zurfin da ƙwaƙwalwa ke hutawa a ciki, ga tashi fitsari, ga ƙishirwa. Hutun da ka yi wa aiki kwana biyar kana jira, shi ne ba ka samu.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce gudunka banza ba ne. Yana da amfani, zuciyarka da ƙafafunka suna cin moriyarsa, kuma ya fi a ce kana sha ba ka motsi. Kada ka bari. Abin da nake cewa, gumi ba ya wanke hanta. Hawan dutse ba ya biyan bashin kwalba, asusunsu daban.

Yanzu bari in juyo kan abinci, don a nan ni ma mai laifi ne, kuma yawancinmu da ke ɗaga kai muna cewa ba ma sha, a nan muke faɗuwa. Ka san yadda nake yi a da. Duk sati ina tsaye, ba na cin kirki, sai ɗan gasasshen masara da shayi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai in zauna in rama: tuwo malmala uku, miya mai tana iyo, ragowar tozo da kayan cikin da ba su shiga ba, lemon kwalba biyu masu sanyi, a bi da shayi kofi uku wanda cokali ke iya tsayawa a ciki. Asabar suna, Lahadi ɗaurin aure, ko'ina shinkafa da nama. Ina ce wa kaina ai na sha wahala, halal ɗina nake ci. Halal ne kuwa. Amma ayar da ta ce ku ci ku sha, ita ce ta ce kada ku yi ɓarna, kuma Annabi ya raba mana ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Ni na numfashin ma tuwo nake zubawa. Yau ga ni da ƙwayar tansiyon kowace safiya har ƙarshen rai, ga babban yatsan ƙafa da ke kumbura ya hana ni taka ƙasa, ranar da ya tashi ko zanen rufa ba ya so ya taɓa shi. Likita ya ce wani gishiri ne da ke taruwa a gaɓa, jan nama da kayan ciki da abin sha mai zaƙi ke ƙara shi, biya kuma ta fi su duka. Ni da ban sha ba na samu. Kai da ka haɗa biyun, ka yi wa kanka hisabi.

Gishirin da aka yarda mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Ni na san abin da nake zubawa a kwanon yaji. Soyar dare ɗaya ta isa ta cinye maka kason yini.

Cin daɗi ranar Sallah ko ranar suna ba shi ne matsala ba. Jiki yana iya ɗaukar walima, Allah bai hana mu ni'imarsa ba, kuma ba na son ka zama mutumin da ke ɓata wa uwarsa rai kan ƙoƙon kunu. Abin da na lura da shi a kaina, kuma nake hangowa a kanka, shi ne wanda ya matse kansa fiye da kima kwana biyar, ranar da ya saki ba ya iya tsayawa. Dubi yadda muke yi da azumi, a wuni da yunwa, a sha ruwa a faɗa wa ƙosai da fanke da folere, wato zoɓo, mai sukari kamar za a ƙwace, har wasu su fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi. Ganyen da kake ci ranar Laraba kana ƙyamar tuwo, shi ke tura ka wurin mai tukuba ranar Asabar da yunwar kura. Ka ci tuwonka na dawa da miyar kuka ko kuɓewa kullum, ka ƙoshi daidai, ka ci namanka kaɗan a tsakiyar sati. Wanda bai yi wa kansa horon yunwa ba, ba ya bukatar ranar ramuwa.

Na daɗe ina tunanin abin da ke kai ka can, don na san ba ɗanɗanon abin ba ne. Kana garin da ba naka ba, ɗaki ɗaya, ba mata, ba dangi. Abokan aikinka can suke haɗuwa, can ake jin labarin wa za a ɗaga wa za a mayar wani gari, wanda bai zauna ba sai a ce yana da girman kai, ko a ce ga malam ya zo. Na ga yadda ake yi wa yaranmu a teburin nan, ana dariya ana tura musu kofi, ana cewa ɗaya ba ta kisa. Na san kaɗaici, na yi shekara biyu a Birkitiri a Yawunde kafin in auri innarka, na san yadda daren Asabar ke yi wa baƙo tsawo. Ba na raina wannan. Amma a cikin waɗanda na sani, akwai Kiristoci da Musulmi da ke zama a tebur ɗaya da kwalbar ruwa a gabansu shekara da shekaru, an yi musu tsiya wata biyu an gaji an bar su. Wanda zai daina abota da kai don ka daina sha, da ma da kwalbar yake abota. In kuwa ka ga zaman ba zai yiwu ba sai da sha, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ngawundare cike take da mutanenmu. Kawunka yana nan kusa da babbar kasuwa, ƙofarsa ba ta rufuwa, matarsa ta sha tambayata me ya sa ba ka zuwa cin tuwon dare. Ka buga ƙwallonka ranar Lahadi, in an busa tashi ka ɗau jakarka ka nufi gidansa.

Sai babur. Wannan ba na iya rubuta shi da tsawo. A daren da wayarka ta kira ni, abin da ya hana ni barci shi ne tunanin yadda za ka koma gida. Hanta tana ba mutum shekaru, titi ba ya ba da ko minti. Kada ka sake hawa babur ɗinka da ko kurɓi ɗaya a cikinka, kada kuma ka hau bayan wanda ya sha. Kuma ko da wasa kada ka kusanci wiskin leda da arki, giyar nan da ake dafawa a gida. Na ledar nan gwamnati ta yi dokar hana shi tun 2014, har yau yana yawo a kanti, arki kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsa, akwai irin gubar da ke makantar da mutum a dare ɗaya.

Ga abin da nake roƙonka, roƙo nake yi, ban ce umarni ba. Ka je asibiti a auna maka jini, a duba ciwon hanta nau'in B. Ya yi yawa a ƙasar nan, musamman a arewa, kuma mutum yana ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Allurar rigakafinsa sai a 2005 aka sa ta cikin na jarirai, kai an haife ka kafin nan, ba a yi maka ba. Mai wannan ƙwayar cuta in ya ɗora giya a kai, kamar ya zuba fetur ne a wuta. In ba ka da shi, a yi maka allurar. A auna tansiyon ɗinka kuma, ka je ranar Litinin, kada ka jira Alhamis da jiki ya daidaita, in ya kai 140 bisa 90 ka saurari abin da za su ce. Ka gaya wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka daina haɗiyar farasitamol barkatai don ciwon kan safiyar Lahadi, ita ma ta hanta take bi, nauyi biyu kake ɗora mata.

Yayarka ta ba ni labari mai daɗi guda ɗaya, shi na ajiye maka. Ta ce hanta tana da yafiya. Matakin farko kitse ne ke taruwa a cikinta, kuma in mutum ya bari, cikin 'yan makonni tana iya komawa yadda take. Sai ta yi tabo ta ƙandare ne ba ta dawowa. A shekarunka ina kyautata zaton ba ka je can ba. Ka gwada sati shida ba ko ɗigo, ka ga yadda Litinin za ta zama, ka ga abin da zai rage a aljihunka. Burina ka bar ta har abada, ban ɓoye maka ba, amma ka fara da shidan. In ka ga abin ya gagara, ko ka ga hannunka yana rawa da safe, ko gumi da rashin barci sun taso maka, to ya wuce maganar ƙarshen sati, kuma kada ka yi kokawa da shi kai kaɗai a ɗaki, yanke shi farat ɗaya a wannan hali yana da haɗari. Ka je wurin likita, ka kira ni. Zan hau mota in hauro falez ɗin nan, gangaren dutsen hanyar Ngawundare, da ƙafar tawa a kumbure, ba kuma wanda zai ji dalilin zuwana.

Na ba direban da ka sani saƙo zai kawo maka ranar Alhamis: garin kuka da daddawa daga innarka, busasshen kifin Lagdo, da man shanu kaɗan. Ta so ta sa dakakken yaji, na ce ta rage gishiri, ta dube ni ba ta ce komai ba. Ka kira ta ranar Juma'a, tana cewa muryarka ta yi mata nisa. Ni kuma zan kira ka daren Asabar bayan isha'i, kowace Asabar, mu yi hira ko ta minti biyar ce. In ka ɗauka na gode. In ba ka ɗauka ba zan sake kira ta gaba.

Ka gai da kawunka da iyalinsa. Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka